RENON YARO DAGA HAIHUWA ZUWA SHEKARA UKU

Bayani domin hakimai, da dagatai, da malamansu

An shirya wannan ɗan littafi ne domin hakimai da malaman da ke riƙe musu littattafai, saboda su ke tsakanin hukuma da talakawa, kuma maganar da ta fito daga zauren hakimi ta kan isa inda ta likita ba ta isa ba. Abin da za a yi bayani a ciki shi ne yadda masu reno, watau uwa, da uba, da kaka, da 'yar reno, su ke taimakon yaro ya koyi magana, ya yi wayo, ya tashi da hali nagari, tun daga ran da aka haife shi har ya cika shekara 3.

Mutane da yawa sun ɗauka ilmi ba ya somawa sai ran da aka kai yaro makarantar allo, ko aka rubuta sunansa a firamare. Kafin wannan rana, in dai an ci da shi, an yi masa wanka, an goya shi, sai a ce an gama. Daga baya in malami ya kawo ƙara cewa yaro ba ya gane karatu, sai a ce daƙiƙi ne, haka Allah ya yi shi. To, binciken likitoci ya nuna sau da yawa abin ya samo asali ne tun yaron yana goye, kuma da an lura da wuri, da an gyara.

1. ABIN DA YA SA SHEKARUN FARKO SUKA FI SAURAN

Ran da aka haifi jariri, nauyin ƙwaƙwalwarsa wajen rubu'in na babban mutum ne. Kafin ya cika shekara 2 ta kai wajen kashi 3 cikin 4, in ya kai shekara 5 kuwa ta kai wajen kashi 9 cikin 10. Bayan wannan ba za ta sake girma da irin wannan sauri ba har abada.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, kowacce tana miƙa zare kamar saiwa zuwa ga 'yan'uwanta. Duk sa'ad da jariri ya ji murya, ko ya ga fuska, ko ya damƙi wani abu, sai saƙo ya bi ta waɗannan zaruruwa. Inda saƙo ya yawaita bi sai wurin ya yi ƙarfi, inda aka bari kuwa sai ya shafe. Kamar turbar daji ke nan: wadda a ke bi kullum ta kan zama hanya, wadda aka daina bi ciyawa ta kan cinye ta.

A 2016 wata mujallar likitoci ta Ingila mai suna Lancet ta buga ƙiyasin cewa yara miliyan 250 'yan ƙasa da shekara 5, watau kashi 43 cikin 100 na yaran ƙasashe masu tasowa, suna cikin haɗarin kasa kai inda ya kamata su kai, saboda talauci da tsumburewa. A Nijeriya, binciken lafiyar jama'a na 2018 ya sami kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Watau a wannan yanki, cikin kowane yara 10 da ke wasa a ƙofar gida, kusan 6 ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba.

2. SHAIDA DAGA ƘASASHE BIYU

A birnin Kingston na tsibirin Jamaika, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24, a 1986 da 1987. Aka kasa su kashi 4. Na farko aka riƙa ba su garin madara kilo 1 kowane mako. Na biyu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya har gida sau ɗaya a mako, ta yi awa 1 tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yabe shi, da kayan wasan da aka ƙera daga tarkacen gida. Na uku aka haɗa musu duka biyu. Na huɗu kuwa duban likita kaɗai suka samu, kamar yadda sauran ma suka samu.

Bayan shekara 2 aka gwada su, aka ga madara ta yi amfani, wasan ma ya yi amfani, amma waɗanda aka haɗa musu biyun su suka fi ci gaba. Da aka ci gaba da bin su, sai amfanin madarar ya dushe, na wasan ya tabbata. Bayan wajen shekara 20 aka sake nemo su, sun zama magidanta da ma'aikata, aka tarar waɗanda aka yi wa wasan nan suna samun kuɗi fiye da waɗanda ba a yi musu ba da wajen kashi 25 cikin 100. An buga wannan a 2014.

Shaida ta biyu daga Rumaniya ta fito. Da gwamnatin ƙasar ta faɗi a Disamba 1989, aka tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen marayu, inda mace ɗaya ke duba yara masu yawa, ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu magana. Daga baya masana daga Amurka suka bi yara 136 na irin waɗannan gidaje a birnin Bukarest, aka mai da rabinsu hannun iyayen riƙo. Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna waɗanda aka ba riƙo sun fi waɗanda aka bari basira, kuma waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara 2 su suka fi farfaɗowa. Abin lura a nan shi ne ba lalle sai mahaifiya ba. Abin da yaro ke bukata shi ne babba guda tabbatacce wanda ya san shi, ya ke kuma kula da shi kullum.

3. AMSA WA JARIRI

Jariri sabon haihuwa ya fi ganin abin da ke nesa da idonsa da inci 8 zuwa 12, wannan kuwa shi ne nisan da ke tsakaninsa da fuskar uwa in yana shan nono. In ya kai wajen mako 6 zuwa 8 sai ya soma mai da murmushi. Daga nan zance ya kankama ke nan: ya yi ƙara, uwa ta amsa, ya wuntsila ƙafa, ta yi dariya, ya sake. Wannan musaya ita ce makarantarsa ta farko. A cikinta ya ke gane cewa in ya yi abu, wani abu ya kan biyo baya.

Wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya gwada wannan cikin shekarun 1970. Ya kan sa uwa ta yi wasa da jaririnta, sa'an nan ta ɗaure fuska na 'yan mintoci, ba magana ba murmushi. Nan da nan jariri sai ya shiga neman ta, ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara. In ta ƙi amsawa sai ya kau da kai ya fashe da kuka. In ta saki fuska kuma, sannu a hankali sai ya dawo. Wannan ya nuna ɗan wata 3 ma ya san an yi banza da shi.

Kukan jariri ya kan yawaita wajen mako 6, ya ragu in ya kai wata 3 ko 4. Ɗaukarsa in ya yi kuka ba ya sangarta shi, domin ba shi da wata hanyar faɗin yunwa, ko ciwo, ko tsoro sai wannan. Jijjiga ta rarrashi ba ta da laifi. Amma girgiza jariri da ƙarfi cikin fushi ya kan tsinka jijiyoyin jini a cikin kansa, ya jawo makanta, ko nakasa, ko mutuwa. Mai renon da ta ji ranta ya ɓaci, gara ta miƙa shi ga wata, ko ta kwantar da shi wuri mai kyau ta fita tsakar gida ta huce.

A nan ya kamata a taɓo al'adar kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane. Ba a ce a yar da kunya ba. Amma ɗan fari bai san da wannan al'ada ba, kuma bukatarsa ɗaya ce da ta ɗan auta. Abin da kunya ta hana gaban surukai ba ta hana shi cikin ɗaki ba. Inda kuma kaka ko goggo ta karɓi renon, lalle ta cika wannan gurbi sosai.

Maza ma ba a ɗauke musu ba. Ya zo cikin Sahihul Buhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi kuwa ya nuna masa wannan rashin jinƙai ne. Ya zo kuma cewa ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma ya kan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don kada ya ƙuntata wa uwarsa.

4. KOYON MAGANA

Kunnen ɗan tayi ya kan soma aiki tun ciki yana wajen wata 6. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 1980 ya nuna jariri ɗan kwana 3 ya kan bambanta muryar uwarsa da ta wata mace, ya kuma fi son tata.

A 1984 wata masaniya a Kanada, Janet Werker, ta nuna cewa jariran Turawa 'yan wata 6 zuwa 8 suna iya bambanta sautukan harsunan da ba su taɓa ji ba, amma in sun kai wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina. Kunne ya zaɓi sautukan gida ke nan, ya saki sauran. Wannan shi ya sa baƙon da ya koyi Hausa da girma ya kan sha wuya tsakanin kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, alhali ɗan shekara 1 a Daura kunnensa ya riga ya raba su kafin bakinsa ya iya faɗa. Yaron da ya tashi yana jin Hausa da Fulatanci, ko Hausa da Barbarci, ya kan ɗauki duka biyu, kuma wannan ba ya rikita shi.

Galibi gwaranci ya kan soma wajen wata 6, kalmar farko wajen shekara 1, haɗa kalma biyu kuwa wajen shekara 2. Hanyar taimakonsa ba ta cin ko kwabo. Mai reno ta riƙa faɗin sunan abin da ta ke yi da abin da yaro ya ke kallo: ga ludayi, ga akuya, zo a wanke hannu. In ya yi gwaranci ta amsa, sa'an nan ta dakata ta ba shi fili. In ya nuna randa ya ce "luwa", kada a yi masa dariyar ba'a, sai a ce, "I, ruwa ka ke so? Ga ruwa mai sanyi." Waƙoƙin reno, da na daka, da tatsuniyar dare, duk darussa ne.

Waya da talbijin ba su maye gurbin mutum. A 2003 Patricia Kuhl ta gwada jariran Amurka 'yan wata 9 da Sinanci. Waɗanda mutum ya zauna da su ido da ido sau 12 suka koyi bambanta sautukansa, waɗanda aka kunna musu maganar nan a akwati kuwa ba su koyi kome ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaro gaban waya ko talbijin kafin ya cika shekara 2, ɗan shekara 2 kuma kada ya wuce awa 1 a yini.

5. GOYO DA WASA

Goyo al'ada ce mai albarka. Yaro yana jin ɗumin uwa, ita kuma tana jin motsinsa tun kafin ya yi kuka. Sai dai goyayye bayan kan uwarsa ya ke gani, hannunsa da ƙafarsa kuma a ɗaure su ke. Shawarar 2019 ɗin nan ta ce kada a bar yaro a ɗaure fiye da awa 1 a jere yana farke, ko a keke ko a baya. Sai a riƙa sauke shi a tabarma mai tsabta. Wanda bai soma rarrafe ba a riƙa kifa shi bisa cikinsa yana farke, ana kallonsa, jimla minti 30 a yini, don wuyansa da bayansa su yi ƙwari. In barci zai yi kuwa, rigingine za a kwantar da shi.

Kayan wasa suna nan a kowane gida: ƙoƙo da ludayi, faifai, ɗan gora da aka zuba wa tsakuwa aka toshe da kyau, 'yar tsana. Yaron da ke jefar da ludayi a ɗauko masa ya sake jefarwa, gwaji ya ke yi. Wasan rufe fuska da zane a buɗe yana koya masa cewa abin da ya ɓace wa ido yana nan. A kiyaye dai da ƙananan abubuwa kamar gyaɗa, da kwabo, da dutsen ado, don kada su sarƙe shi.

Iyaye su kan damu in ɗan maƙwabta ya riga nasu tafiya. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga abin da ta samu ga lafiyayyun yara a Gana, da Indiya, da Norwe, da Oman, da Amurka. Zama ba jingina ya kan zo tsakanin wata 4 da 9, tafiya ba riƙo kuwa tsakanin wata 8 da 18, wasu kaɗan ma ba su yi rarrafe ba sam suka miƙe. Saboda haka tazarar tana da faɗi.

'Yar reno abokiyar wasa ce mai amfani, amma yarinya 'yar shekara 6 ba ta isa a bar mata jariri yini guda ba, ita ma kuma makaranta na jiran ta.

6. ABINCI DA YAYE

Ƙwaƙwalwar da ke girma da sauri haka tana bukatar abinci. A sa jariri a nono cikin awa 1 da haihuwa. Dakashin da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Har wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, ko da bazara ce, domin kusan kashi 9 cikin 10 na nono ruwa ne, ruwan randa kuwa ya kan kawo zawo. Daga wata 6 sai a ƙara da kunu mai kauri da aka sa wa gyaɗa, ko wake, ko ƙwai, ko kifi, ko zogale, da ɗan mai, sau 2 ko 3 a yini, daga wata 9 kuma sau 3 ko 4. A ci gaba da nono har shekara 2, kamar yadda Suratul Baƙara aya ta 233 ta ambata.

A zuba masa nasa a ƙoƙonsa daban, don a san abin da ya ci, domin a akushi ɗaya da yayyensa ba ya samun rabonsa. A ba shi da haƙuri ana yi masa magana. Ɗura, watau a toshe masa hanci a zuba kunu, tana iya kai kunun cikin huhu, tana kuma koya masa tsoron abinci.

Yayen rana ɗaya, inda a kan shafa abu mai ɗaci a nono a kai yaro gidan kaka, yana raba shi da abincinsa da uwarsa gaba ɗaya. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana ciwon da ke biyo bayan irin wannan a Ankara ta ƙasar Gana a 1933, a 1935 kuma ta kira shi da sunan da mutanen Ga ke kiransa, kwashiyoko, watau ciwon yaron da aka ture saboda ƙani na tafe. Gara a rage nono sannu sannu cikin makonni, yaro ya saba da abinci, ya kuma saba da kakar tun kafin a kai shi. Macen da ta yi kwanika, in lafiyarta ƙalau, nononta bai ɓaci ba, ba sai ta yaye farat ɗaya ba.

Rashin sinadarin aidin, wanda ke kawo maƙoƙo, ya kan dakushe basirar yaro tun yana ciki, shi ya sa tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa shi a gishiri. Ƙarancin jini ma haka. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, da sanƙarau, da ƙyanda, su kan bar yaro da kurumta, ko makanta, ko farfaɗiya. Gidan sauro da allurar rigakafi suna cikin kayan karatu ke nan.

7. HORO

Wajen wata 7 zuwa 9 yaro ya kan soma ƙiwa. Wannan alamar wayo ce, ya gane nasa ya gane baƙo, ba abin tsawa ba ne. Daga shekara 1 da rabi zuwa 3 kuma sai rigima ta zo, da birgima, da "a'a". Dalili shi ne abin da ya ke so ya fi kalmomin da ya sani yawa, kuma sashen ƙwaƙwalwa mai kame zuciya, wanda ke bayan goshi, shi ne na ƙarshen nuna, ba ya kammala sai mutum ya wuce shekara 20.

Ga abin da ya fi aiki. A kau da abin haɗari daga inda hannunsa zai kai, don "bari" ta ragu. In ya nufi abin da ba a so, a ɗauke shi a ba shi wani. A faɗa masa a taƙaice, "Wuta, zafi," kuma abin da uwa ta hana kada kaka ta bari. In ya yi daidai a yabe shi nan take, a faɗi abin da ya yi. Lokacin ci, da wanka, da barci ya zama sananne, domin yawancin rigima yunwa ce ko gajiya, ɗan shekara 1 zuwa 2 kuwa yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a dare da rana. In ya faɗi yana birgima a tsaya kusa ba tare da an ba shi abin da aka hana ba, in ya huce a rungume shi. Gaisuwa, da bisimilla, da ci da dama, da ido ya ke ɗaukarsu wajen manya. Kada a doke shi don fitsari, domin galibin yara ba su iya riƙewa kafin shekara 2, na dare kuwa ya kan daɗe fiye da haka.

Masu duka su kan kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma mai tanƙwarar da ya yi da ƙarfi karya shi ya ke yi. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara bincike 75 da suka shafi yara fiye da 160,000, suka ga dukan yaro ba ya tare da ƙarin biyayya, sai ma ƙarin faɗa da taurin kai. Mari, da ranƙwashi, da tsoratarwa da dodo su kan tsai da yaro a lokacin, amma ba su nuna masa abin da ya kamata ya yi. Shari'a kanta ba ta umurci a soma sa yaro salla ba sai ya kai shekara 7, balle a kama ɗan shekara 2 da laifi.

Uwar da ke cikin baƙin ciki ba ta iya amsa wa jariri yadda ya kamata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a ƙasashe masu tasowa wajen mace 1 cikin 5 ta kan shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Mai jegon da ta yi makonni ba walwala, ba ci, ba barci, asibiti ta ke bukata da taimakon dangi. Gidan da miji ke dukan mata, ko kishiyoyi ke faɗa kullum, jaririn da ke goye yana cikin waɗanda abin ke ci.

8. GUBAR DALMA

A 2010 yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara. Dalili shi ne an riƙa kawo dutsen zinariya cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, dutsen kuwa cike ya ke da dalma. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida, masu rarrafe suka kai ta baki. Irin wannan ya sake faruwa a Rafi ta Jihar Neja a 2015. Dalma ko kaɗan ce ta kan rage basira, abin da ta ɓata kuwa ba ya komawa. Kwallin dutse ma sau da yawa dalma ce, don haka kada a sa wa jariri. Haka kuma a kiyaye murhu, da rijiya marar murfi, da kananzir ko maganin feshi da aka zuba a kwalbar lemo.

9. ABIN DA A KE ROƘON HAKIMI DA MALAMINSA

Sarakuna sun riga sun nuna abin da za su iya. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai suka shiga gida gida kan rigakafin shan inna, har ran 25 ga Agusta 2020 aka ba da shaidar cewa asalin ƙwayar cutar mai yaɗuwa da kanta ta ƙare a Afirka. A 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, da UNICEF, da Bankin Duniya suka taƙaita bukatun ƙaramin yaro cikin abu 5: lafiya, abinci, kulawa mai amsawa, damar koyo, da tsaro. Ga inda hakimi zai sa hannu:

(a) Ya karanta wa dagatai da masu unguwanni wannan bayani ran taro, su kuma su kai wa magidanta.

(b) Ya roƙi limamai su taɓo tausayin yara a huɗuba da wajen raɗin suna.

(c) Ya sa a tara ungozomai da tsofaffin mata, domin maganar dakashi, da ɗura, da yaye a hannunsu ta ke. A saurare su da girmamawa kafin a kawo gyara.

(d) Malami ya riƙe littafin haihuwa, ya tuna wa iyaye rajista da ranakun rigakafi.

(e) A hana daka ko niƙa dutsen ma'adini cikin gari, a sa a rufe rijiyoyi.

(f) A tura asibiti duk yaron da bai yi murmushi ba a wata 3, ko bai zauna ba a wata 9, ko bai yi tafiya ko kalma ɗaya ba a wata 18, ko ba ya juyowa in an yi ƙara, ko ya manta abin da ya riga ya iya. Kada a jira a ce zai yi in ya girma.

Jaririn da aka raɗa wa suna a gundumar hakimi bana, shi ne malamin makaranta zai karɓa nan da shekara 6, kuma abin da zai tarar a kansa yanzu a ke zuba shi. Allah ya raya zuriya, ya yi musu albarka, amin.